Lakwal a tsakar gida: annoba, harshe da karatun firamare a Nijar

Ranar 17 ga watan Maris 2020, shugaban ƙasa na lokacin, Mahamadu Isufu, ya yi wa ƴan ƙasa jawabi game da cutar korona. Cikin matakan da ya bayyana akwai rufe iyakoki da rufe makarantu duka, tun daga rabin aji har jami'a, daga ranar 20 ga wata. An ce mako biyu ne, da halin a sabunta. Ƙofofin azuzuwa ba su sake buɗewa ba sai 1 ga watan Yuni, wato bayan mako goma da ƴan kwanaki. A wannan tsakani, abin da ake ta nanata wa uwaye shi ne su taimaki yara su ci gaba da karatu a gida. Haka aka faɗa a kusan kowace ƙasa, domin a daidai lokacin nan ƙungiyar UNESCO ta ƙiyasta cewa ɗalibai sama da miliyar ɗaya da rabi ne ke zaune gida a faɗin duniya.

A wannan ƙasida muna son mu duba abin da wannan kira yake nufi a gidan Bahaushen Maradi, ko Damagaram, ko Tawa. Ra'ayinmu shi ne ba a iya fahimtar abin da ya faru a 2020 sai an koma ga tarihin dangantakar lakwal da gida, kuma tarihin nan, rabinsa tarihin harshe ne. Ba za mu yi maganar magani ko ƙididdigar majinyata ba sai inda ta zama dole.

Annoba ba baƙuwa ba ce

Murar da ta game duniya a 1918 ta shigo Afirka ta Yamma ta tashoshin jiragen ruwa, ta biyo layin dogo da hanyoyin fatake har ƙasar Hausa, inda ake tunawa da ita da sunan marisuwa. A lokacin Nijar yankin mulkin soja ne, babban birninsa Damagaram, kuma makarantun boko ana iya ƙirga su da yatsu. Batun yadda yaro zai ci gaba da karatun lakwal a gida bai ma taso ba. Karatun da akasarin yara ke yi shi ne na allo, shi kuwa dama a zaure ko a ƙofar gida ake yin sa.

Cutar da ta daɗe tana gogayya da lakwal a ƙasarmu ita ce sanƙarau. A 1963 likitan nan Bafaranshe, Lapeyssonnie, ya bayyana zirin ƙasashen da take addaba a kudancin Sahara, Nijar kuwa tana tsakiyarsa. Lokacinta sananne ne: tana tasowa da hunturu da ƙura, ta yi ƙamari da bazara, ta lafa da saukar ruwan farko. Wannan ya yi daidai da tsakiyar shekarar karatu, wadda ke farawa a Oktoba ta ƙare a Yuni. A 1995 dubun dubatar mutane suka kamu, dubbai suka rasu. A watan Afrilu 2015, da wani nau'in ƙwayar cutar ya ɓulla, gwamnati ta rufe makarantun Yamai na ƴan kwanaki don a yi wa yara allura. Amma rufewa ce gajera, ta gari guda, ba wanda ya nemi uwaye su maye gurbin malami.

Ya kamata mu ƙara da cewa yaran Nijar sun saba da aji a rufe saboda dalilan da ba na cuta ba. Waɗanda suka yi karatu a shekarun 1990 ba su manta da yajin aiki da shekarun da aka soke ba, abin da Faransanci ke kira *année blanche*. Bambancin 2020 shi ne, a karo na farko, hukuma da kanta ta juya ta ce wa gida: ga yaronka, ka karantar da shi. To, wane gida ne wannan, kuma me aka taɓa ba shi da zai karantar?

Yadda aka raba lakwal da harshen gida

Tun farko lakwal ta Turawan Faransa ba ta nemi haɗin kan gida ba. Ta hannun sarakuna da masu gari ake ɗaukar yara, kuma labarin uwayen da ke ɓoye ɗiyansu a rumbu ko su tura su karatun allo wani gari yana nan a bakin tsofaffi. Dokar da gwamna-janar Jules Carde ya sa wa hannu a 1924 ta tanadi cewa Faransanci kaɗai za a yi amfani da shi a makarantu, taron Brazzaville na 1944 kuma ya sake jaddada haka. A cikin aji, abin da ke tsare wannan doka shi ne sambol: ƙashi, ko gwangwani, ko wani abin ƙyama da ake rataya wa yaron da aka kama yana Hausa ko Zabarmanci, shi kuma ya yi ta sauraren ƴan uwansa har ya sami wanda zai miƙa wa. Sambol ya daɗe bayan samun ƴancin kai, da yawa daga cikinmu sun ɗauke shi. Darasin da yake koyarwa ya fi na kowane littafi zama a kai: abin da ka zo da shi daga gida, a bakin ƙofa ake aje shi.

A tsallaken iyaka abin ya bi wata hanya. Makarantar da Hans Vischer, wanda ake kira Ɗan Hausa, ya buɗe a Nasarawa ta Kano a 1909 da Hausa take karantarwa, kuma a 1939 jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fitowa. Ba muna yabon mulkin Ingila ba ne, kowane da manufarsa. Abin lura kawai shi ne, ɗan Katsina ya gaji al'adar karanta harshensa da baƙaƙen boko, ɗan uwansa na Maradi bai gaje ta ba, alhali tafiyar da ke tsakaninsu ba ta kai ta yini a mota ba.

Lokacin da Nijar ta sami ƴancin kai a 1960, yaran da ke zuwa lakwal ba su kai biyar bisa ɗari ba. Gwamnatin Jori Hamani ta nemi hanyar gaggawa, daga nan aka shiga gwajin karatu ta telebijin a 1964. Ana shirya darussa a Yamai, a watsa su ga azuzuwa kamar ashirin da farko, inda wani mai kula da aji, wanda iliminsa bai wuce na firamare ba sosai, yake jagorantar yara bayan an kashe akwati. An ja gwajin har ƙarshen shekarun 1970, kayan aikinsa ne kuma suka zama tushen tashar telebijin ta ƙasa. Mun tsaya a kan wannan ne saboda a 2020 an yi ta maganar karatu daga nesa kamar wani sabon abu, alhali Nijar tana cikin ƙasashen Afirka na farko da suka gwada shi. Sai dai abu biyu: akwatin yana cikin aji ne, ba cikin gida ba, kuma Faransanci yake yi. Ƙungiyoyin sauraren rediyo da aka kafa a 1962, da yaƙi da jahilci na manya, su ne suka yi amfani da harsunan ƙasa, amma su ba a haɗa su da karatun yara ba. Uba yana koyon rubuta Hausa da dare, ɗansa yana shan bulala da rana don ya yi ta.

A wannan shekara ta 1964 ne Abdu Mumuni, wanda jami'ar Yamai ke ɗauke da sunansa tun 1992, ya fitar da littafinsa *L'Éducation en Afrique*, inda ya kare karantarwa da harsunan Afirka. Taron Bamako na 1966 ya aza harsashin daidaita baƙaƙe, na Yamai a 1980 ya kusanto da rubutun Hausar Nijar da na Najeriya. A 1973 aka buɗe makarantar gwaji ta farko mai harshe biyu a Damagaram, da Hausa. Daga baya Zabarmanci, Fulatanci, Tamajak da Barbarci suka biyo. Yaro yana fara karatu da rubutu da lissafi da harshensa, Faransanci ya shigo sannu a hankali. Sunan “gwaji” ya bi makarantun nan shekara da shekaru, adadinsu kuma bai wuce ƴan gomiya ba har ƙarshen ƙarni. Dokar tsarin ilimi ta 1 ga Yuni 1998 ta ba harshen uwa matsayin harshen koyarwa a matakin farko, dokar 2001 ta lissafa harsunan ƙasa goma. A takarda an gama magana. A cikin aji kuwa, ko da sabon tsarin karatu mai harshe biyu ya fara yaɗuwa a shekarun 2010, akasarin yaran da korona ta tarar da Faransanci suke fama tun daga CI.

Sakamakon ba ɓoyayye ba ne. Awon da PASEC ta yi a 2014 ya nuna cewa a ƙarshen firamare, yaran Nijar da suka kai matakin karatun da ake bukata ba su kai ɗaya cikin goma ba. A awon 2019 an sami ci gaba, abin ya kai kamar uku cikin goma. Da wannan guzuri aka shiga watan Maris 2020.

Mako goma a tsakar gida

Mu fara da kayan aiki. Waɗanda ke da wutar lantarki a ƙasar a lokacin ba su kai mutum ɗaya cikin biyar ba, a karkara abin ya fi haka muni. Manyan da suka iya karatu da rubutu kamar ɗaya ne cikin uku, mata kuma sun fi ƙaranci. Littattafan aji, inda akwai su, sau da yawa suna kulle a ofishin darakta, saboda ba su isa a raba ba. Abin da yaro ya koma gida da shi ranar 20 ga Maris shi ne kaye, da bik, da ɗan allonsa na rubutu. Ƴaƴan ma'aikata da na manyan ƴan kasuwa a birane sun sami malamin da ke zuwa gida, wasu makarantun kuɗi kuma suna aiko da aiki ta WhatsApp. Wannan tsiraru ne, ba su muke magana ba.

A unguwar da muka yi zaman annobar, wata maƙwabciya takan zaunar da ɗanta na CE1 bayan la'asar ta ce ya ɗauko kayensa ya karanta mata. Yaron yana bin layi da yatsa yana rera darasin da murya irin ta aji, ita tana tankaɗe tana gyaɗa kai. Rannan muka leƙa, sai muka ga yatsan yana layi na uku, bakin yana layi na biyar. Hadda ce yake kawowa, uwar kuwa ba ta da hanyar ganewa. Amma da magariba, in yaron nan ya ɗauko allonsa na Muhammadiyya ya tsallake aya ɗaya a ƙaramar sura, daga cikin madafa za ta ɗaga murya ta gyara masa. Mace ɗaya ce, yaro ɗaya ne, kulawar ma ɗaya ce. Karatun allo ta san shi da ka, tana jin inda aka yi tuntuɓe. Na lakwal kuwa sauti ne kawai yake wuce ta.

Wannan ya sa ba mu yarda da masu cewa uwaye sun yi sakaci ba. Makarantar allo ta daɗe da tsarin da ke sa gida cikin aiki: biyawa, tilawa, babban almajiri ya saurari ƙarami, sadakar saukar izu da kowa ke halarta. Lakwal ba ta taɓa gina irin wannan ba. Abin da take nema ga uba shi ne ya sayi kayan karatu, ya sa hannu ko ya dangwala yatsa a takardar sakamako. Da aka wayi gari ana neman ya zama mushe, an nemi abin da ba a shuka ba.

Wanda ya ɗauki nauyin a zahiri shi ne wa ko ya: ɗan CM2, ƴar kwaleji, ɗalibin jami'a da ya dawo gida. Su ma da Hausa suke bayani, kamar yadda malamai da yawa ke yi a aji in infeto ba ya kusa. A nan mai nazarin harshe yana da abin cewa. Yaron da ke jin Hausa ba ya rarrabe *p* da *f* a kunne, yana mai da *v* ta koma *b*, wasalin *u* na Faransanci kuma babu shi a bakinsa. Wannan ana iya gyara shi da maimaici. Abin da ya fi wuya shi ne ana koya masa alaƙar baƙi da sauti cikin harshen da rubutunsa ba ya bin furuci: sauti guda ana rubuta shi *o*, *au*, *eau*, ga baƙaƙen ƙarshen kalma da ba a furtawa. A rubutun Hausa, in ka cire tsawon wasali da karin sauti da ba a nunawa, baƙi ɗaya sauti ɗaya ne. Yaron da ya gane cewa *b* da *a* suna ba da *ba*, ya iya karanta “baba ya dawo”, kuma ya san abin da ya karanta, uwarsa ma ta sani. Ta iya cewa a'a, ba haka ba, sake. Da wannan ƴar kalma “sake” ake gane gidan da ya shiga cikin karatu. Akwai wurin ruɗani, ba mu musa ba: *c* ta Hausa ba ita ce *c* ta Faransanci ba, *u* ma haka, kuma mun ji wani wa da ya yi yaƙi da jahilci yana karanta wa ƙanensa *cou* kamar “cau”. Amma wannan matsala ce ta mako biyu a aji, in malami ya san da ita.

Lissafi ya fi nuna ɓarnar. Yarinyar da ke tallar ƙosai ta san dala ashirin, ta san jika, tana ba da canji ba ta kuskure. Dala tamma biyar ce, saboda haka dala ashirin ita ce *cent francs*, jika kuma *mille francs*, wato dala ɗari biyu. Kullum yarinyar nan tana ninkawa da biyar tana rabawa da biyar a ka, ba ta san sunan abin da take yi ba. A kayenta kuwa an ba ta sifiri a darasin *multiplication*. Cikin makonnin da aka rufe lakwal, talla da aikin gida sun ƙaru, wannan lissafi na kasuwa ya ci gaba, na kaye ya tsaya. Uwar da za ta iya zama malamar lissafi ta gari ba ta san cewa abin da take koya wa ɗiyarta a bakin kasko yana cikin manhaja ba, manhajar ma ba ta san da ita ba.

Sai yanayin da aka yi zaman. An rufe masallatai, abin da ya jawo tarzoma a Mirriya da wasu unguwannin Yamai, an sa dokar hana fitar dare a babban birni, an kuma killace shi daga sauran ƙasa. Azumi ya kama a ƙarshen Afrilu, cikin tsananin bazara. Magidancin da ke cin abinci daga abin da ya samo a yini ba lissafin darasi yake ba. Ko kalmomin annobar sai da aka nemo su: masu fassara a gidajen rediyo suka ɗauko “killacewa”, wadda asalinta kewaye wuri ne da zana ko darni, suka ɗauko “takunkumi”, wanda a da bakin dabba ake sa wa. Cikin ƴan kwanaki kowa ya gane saƙon wanke hannu da ba da tazara, don da harshensa aka gaya masa. Mun yi ta tunanin abin da zai faru da a ce darasin karatu na CI ya sami irin wannan gata a tashoshin rediyon karkara, waɗanda dama da harsunan yankunansu suke aiki. A wasu jihohin arewacin Najeriya an watsa darussa ta rediyo a wannan lokaci, kuma mutanen bakin iyaka suna kama tashoshin can, sai dai manhajar ba tamu ba ce.

An buɗe masallatai a tsakiyar Mayu, makarantu a 1 ga Yuni. A kudancin ƙasa wannan lokacin shuka ne. Yaron ƙauye yana gona, ajin zana kuma, wanda ake kafawa bayan girbi da karan shekara, ba a yi shi don ya jure ruwa da iskar farkon damina ba. (Gobarar unguwar Pays-Bas ta Yamai a Afrilu 2021 da ta Maradi a Nuwamba na wannan shekara, inda yara sama da arba'in suka rasu a jimilla, sun tuna wa kowa irin ɗakunan da ake kira aji.) Malamai, waɗanda mafi yawansu ƴan kwantaragi ne, suka koma suna ƙoƙarin cusa darussan wata uku cikin ƴan makonni. Wanda ya fi cutuwa shi ne ɗan CI da CP. Ɗan CM ya riga ya kama karatu, ko da rauni, zai iya komawa kayensa. Ƙaramin kuwa an katse shi a daidai lokacin da yake haɗa baƙi da wasali cikin harshen da ba ya ji a ko'ina sai a bakin madam, mako goma kuma bai ji shi ba ko sau ɗaya.

A watan Maris 2025 kundin sake gina ƙasa ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, ya bar Faransanci da Ingilishi a matsayin harsunan aiki. Matakin ya tayar da muhawara, musamman ga masu sauran harsuna, kuma muhawara ce mai tushe: uwa Bazabarma a Doso ko Ba'abziniya a Agadas tana da hakkin ta ce wa ɗanta “sake” kamar yadda Bahaushiya take da shi. Ga abin da ya shafi batunmu, tarihin 1973 da na 1998 ya isa ya sa mu yi hattara da murnar doka. Abin da za mu riƙa dubawa ƙarami ne: ko ɗan CI yana da littafin karatu da harshen gidansu, ko an bar shi ya tafi gida da shi, ko kuma an horar da malaminsa a kan ƙa'idojin rubutun da ma'aikatar ilimi ta tsayar a 1999. Yaron maƙwabciyar tamu ya maimaita CE1 a shekarar da ta biyo. Ƙanwarsa da ta shiga CI bayansa, da kaye da bik kaɗai ita ma take dawowa gida.